Tagar Ido: Abin Da Likita Ke Nema Da Tocila

Duk wanda ya taɓa kai majinyaci asibiti cikin gaggawa ya ga wani abu, ko da bai mai da hankali gare shi ba. Tun kafin likita ya tambayi sunan majinyaci ko garinsu, sai ya zaro 'yar tocila daga aljihu, ya ɗaga masa fatar ido, ya haska dama, ya haska hagu, ya mai da tocilarsa. Abin ba ya cin minti guda. 'Yan rakiya su kan zaci duba wa ya ke ko mutumin yana da isasshen jini. Wannan dubawa daban ce, fatar ƙasa a kan ja domin ta. Abin da ya ke nema da haske shi ne motsin ɗan baƙin nan da ke tsakiyar ido, domin daga gare shi ya ke samun labarin jijiyar gani da na ƙwaƙwalwa, waɗanda ba shi da ikon buɗewa ya duba.

Mun ga ya kamata mu yi wa malaman makaranta da akawuna bayanin wannan al'amari. Yara suna hannun malami tun da safe har azahar, a gabansa su ke guje-guje da hawan itace da buga ƙwallo. Akawu kuwa, a ƙauyuka da yawa, shi a kan fara tambaya in abu ya faru, ko a tafi asibiti yanzu ko a bari sai gobe. Amsar wannan tambaya wani lokaci ita ce tsakanin rai da mutuwa, ko tsakanin gani da makanta.

YADDA TAGAR TA KE

In ka dubi idonka a madubi za ka ga fari, sa'an nan ka ga wani da'ira mai duhu da mu ke ce wa baƙin ido. In ka ƙura sosai za ka tarar ba baƙi ba ne, ƙasa-ƙasa ne, amma a tsakiyarsa akwai wani ɗigo baƙi ƙirin. Wannan ɗigo rami ne, ta nan haske ke shiga cikin ido, shi ya sa za mu riƙa kiransa tagar ido. Yana yin baƙi ne kamar yadda ƙofar ɗaki ta kan yi baƙi ga wanda ke tsaye a tsakar gida da rana.

Tagar nan ba ta zama da girma ɗaya. Cikin haske mai ƙarfi faɗinta ya kan zama milimita 2 zuwa 4, cikin duhu kuwa ta kan buɗe ta kai milimita 4 zuwa 8. Tsoka iri biyu ke wannan aiki. Ɗaya ta kewaye bakin tagar kamar zariyar wando, in ta ja sai taga ta tsuke. Ɗayar kuwa ta miƙe daga bakin tagar zuwa waje kamar wayoyin ƙafar keke, in ta ja sai taga ta buɗe. Mutum ba shi da iko a kan ko ɗaya daga cikinsu. Yaro ya iya yin ƙaryar ciwon ciki don ya tsere wa lissafi, amma ba ya iya hana tagar idonsa tsukewa in haske ya faɗa mata. Tsoro da firgita su kan buɗe ta, duban abu na kusa ya kan tsuke ta, tsufa kuma ya kan rage mata girma.

TAKARDA ƊAYA, AMSA BIYU

Akawuna za su fi kowa saurin gane yadda abin ke tafiya, don kuwa tamkar aikin ofis ne. Haske in ya shiga ta taga ya kan sauka a kan wata shimfiɗa da ke bangon ido ta ciki, wadda likitoci ke kira ratina. Daga nan jijiyar gani ta ɗauki labari, kamar masinja ya ɗauki takarda, ta kai wani ɗan wuri a tushen ƙwaƙwalwa. To, ka'idar wannan ofis ita ce kowace takarda ta shigo, ko daga wane ido ta fito, amsa biyu a ke rubutawa, ɗaya zuwa idon dama, ɗaya zuwa na hagu. Mai kai amsar wata jijiya ce daban, wadda a cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane gefe ita ce ta uku. Ita ce kuma ke ɗaga fatar ido, ta juya ƙwayar ido zuwa yawancin sassa. Tafiyar duka, zuwa da dawowa, ba ta kan wuce kimanin rubu'in sakan ba.

Sabo da haka in ka haska idon dama na mai lafiya, tagoginsa duka biyu za su tsuke tare, har da na hagu da haske bai taɓa ba. A nan ne amfanin dubawar ya ke. A ce ka haska dama, ba wadda ta motsa, ka haska hagu, duka biyu suka tsuke. Ka san ofis yana aiki, masu kai amsa kuma lafiya lau, takarda ce ba ta fitowa daga idon dama, watau ɓarnar tana ga ratina ko jijiyar gani ta wannan ido. A ce kuma duk idon da ka haska ta hagu tana tsukewa, ta dama kuwa ta tsaya a buɗe. Ka san takarda tana isa daga ko'ina, amsa ce ba ta kaiwa dama, ko kuwa tsokar tagar ce kanta ta sami rauni, ko an ɗiga mata magani. In duka biyu suka buɗe suka ƙi motsi ga mutumin da ya suma, to, ana tsoron ofishin ne kansa ya shiga wahala.

WAƊANDA SUKA FARA LURA

Wannan ilmi ba na jiya ba ne. Abubakar Ar-Razi, babban likitan nan mutumin Rayyi a ƙasar Farisa, wanda ya yi aiki a Bagadaza ya rasu wajen shekara ta 925, yana cikin na farko da suka rubuta cewa tagar ido tana tsukewa cikin haske tana buɗewa cikin duhu. A 1751 Robert Whytt na Edinbara ya nuna cewa motsin yana bi ta ƙwaƙwalwa ne, ba da nufin mutum ba.

A 1869 wani likitan ido na Edinbara, Argyll Robertson, ya ba da labarin waɗansu majinyata masu ƙananan tagogi da ba su motsawa ga haske, amma su kan tsuke in an dubi abu na kusa. Daga baya aka gane alama ce ta tunjere da ya daɗe har ya taɓa ƙwaƙwalwa da laka. A wannan shekara kuma Horner, likitan ido a birnin Zurik, ya bayyana wata alama, ƙaramar taga tare da saukar fatar ido kaɗan da ƙarancin gumi a gefen fuska ɗaya, wadda ke nuna an taɓa jijiyar da ke buɗe taga a kan doguwar hanyarta ta ƙirji da wuya. A 1931 Adie na Landan ya yi bayanin wata babbar taga mai nawar motsi, wadda ta fi samun 'yan mata da mata matasa, galibi kuwa ba ta da haɗari. A 1959 Levatin na Amurka ya tsara dabarar kai tocila da komo da ita tsakanin ido da ido, wadda har yau da ita a ke aiki. Yanzu a manyan asibitoci akwai 'yar na'ura mai auna faɗin taga da saurin motsinta da lamba, amma ba ta kori tocila daga aljihun likita ba.

YADDA A KE DUBAWA

A kwalejin horon malamai mu kan sa ɗalibai su zauna biyu-biyu su duba juna, domin wanda bai san yadda lafiyayyen ido ya ke ba, ba zai gane marar lafiya ba. A shiga ɗaki mai ɗan duhu, wanda za a duba ya kafa idonsa a kan wani abu mai nisa, kamar bangon ƙarshen aji. In ya dubi tocilar ko fuskar mai dubawa, tagar za ta tsuke don kusanci, a ruɗe. Da farko a duba ba tare da an dalla masa haske ba. Tagogin girmansu ɗaya? A kewaye su ke sosai ko ɗaya ta karkace? Baƙi ne ƙirin ko da fari a ciki?

Mu a nan muna da wata 'yar wahala da littattafan Turai ba su cika ambata ba. Baƙin idonmu yana da duhu ƙwarai, har ya kan yi wuya a rarrabe shi da tagar. Maganin wannan shi ne a kawo hasken daga gefe ko daga ƙasa, kada a tunkaro ido da shi gaba da gaba, mai dubawa kuma ya matso kusa.

Sa'an nan a haska dama, a ga ta tsuke, a kau da haske. A sāke haskawa, wannan karon ana kallon ta hagu. A yi wa ɗayan idon haka nan. Daga ƙarshe a yi ta Levatin, a tsai da haske a dama kamar a ƙirga uku, a tsallaka da sauri zuwa hagu a ƙirga uku, a komo, sau uku ko huɗu. Ga mai lafiya, tagar da haske ya sauka a kanta za ta zauna a tsuke. Amma in akwai idon da kullum haske ya iso gare shi sai tagarsa ta buɗe maimakon ta tsuke, to, wannan ido takardarsa ba ta da ƙarfin ta ɗan'uwansa. Tocila kawai za a yi aiki da ita ko fitilar wayar hannu. Kada a kuskura a haska wa kowa 'yar fitilar nan ta leza mai jan ɗigo, kada kuma a ce ya dubi rana, don duka biyu suna ƙona ratina.

Wajibi ne mu faɗi wani abu don kada a tayar wa iyaye da hankali a banza. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar tagoginsa ba daidai su ke ba, ɗaya ta ɗan fi ɗaya da abin da bai kai milimita guda ba, duka biyu kuwa suna motsi da kyau, shi kuma lafiyarsa ƙalau. Halitta ce. Abin tsoro shi ne bambancin da ya zo sabo, ko mai yawa, ko wanda ya zo tare da wata alama.

YARON DA YA BUGU A KA

Ga inda mu ke so malamai su fi natsuwa. A ce yaro ya faɗo daga mangwaro lokacin tara, ko ya yi karo da wani a filin ƙwallo, ko babur ya kā da shi a hanya ba hular kwano. Ya ɗan suma, aka yayyafa masa ruwa, ya farfaɗo, ya tashi yana magana, har ya koma aji. Kowa ya ce an auna arziki. Bayan sa'a ɗaya ko biyu sai ya ce kansa na ciwo, ya yi amai, ya kifa kai a tebur yana gyangyaɗi.

Abin da mai yiwuwa ke faruwa shi ne wannan. A gefen kai, tsakanin ido da kunne, ƙashi ba shi da kauri, a ƙarƙashinsa kuwa akwai wata jijiyar jini. In ƙashin ya tsage ya yanke ta, jini ya kan riƙa taruwa tsakanin ƙoƙon kai da rigar ƙwaƙwalwa. Ƙoƙon kai ba ya miƙewa, sabo da haka gudan jinin sai ya tura ƙwaƙwalwa gefe da ƙasa, har wani sashinta ya danne jijiya ta uku. Zaren da ke tsuke taga kuwa a bayan jijiyar su ke kwance, su ne farkon jin nauyi. Sai tagar wannan gefe ta fara nawa, sa'an nan ta buɗe ta ƙi motsi. Jonathan Hutchinson, likitan fiɗa na Landan a ƙarni na 19, shi ya shahara da bayanin wannan alama, galibi kuwa a gefen da jinin ya taru ta ke bayyana. In aka kai yaro da wuri aka ɗauki hoton kansa aka buɗe aka kwashe jinin, sau da yawa ya kan warke sarai. In aka bar shi ya kwana, ana iya wayar gari ba shi.

Amma fa a lura da kyau. Buɗewar taga alama ce ta ƙarshe-ƙarshe, ba ta farko ba. Malamin da ya haska idon yaro ya ga lafiya, ya ce ba kome, ya yi kuskure babba. Duk yaron da ya bugu a ka ya suma, ko na ɗan lokaci ne, ko ya yi ta amai, ko ciwon kansa na ƙaruwa, ko barci na fizgarsa, ko ya yi jijjiga, ko jini ko ruwa ya fito masa ta kunne ko hanci, ko hannu ko ƙafa ta yi sanyi, asibiti za a nufa da shi nan take, ko tagoginsa sun yi daidai. In kuwa har ɗaya ta buɗe, to, ba sauran jiran uba ya dawo daga kasuwa. A kiyaye wuyansa wajen ɗauka, kada a ɗura wa mai magagi ruwa ko abinci. Haka nan yaron da zazzaɓi mai zafi ya sumar, ko na sanƙarau ko na cizon sauro, in tagoginsa suka bambanta, alama ce ƙwaƙwalwa ta kumbura.

Ga manya kuma akwai makamanciyar wannan. Mutum ya ji ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, fatar ido ɗaya ta sauko, yana ganin abu biyu-biyu, tagar wannan ido kuwa ta buɗe. Wannan ya kan zama wata jijiyar jini ce a cikin ka ta kumbura kamar balan-balan tana danne jijiya ta uku, tana kuma iya fashewa. Shi ma na ranar ne, ba na gobe ba.

CIWON DA KE CIKIN IDON KANSA

Binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa cikin masu shekara 40 zuwa sama, kimanin 4 cikin 100 makafi ne. Yana ce ta fi kome jawo wannan, wajen kashi 43 cikin 100, sai gilakoma, wadda a ke ce wa hawan jinin ido, wajen kashi 17. Taga tana taimakawa a rarrabe su. Mai yana tagarsa ta kan yi fari ko toka-toka, amma tana tsukewa ga haske, don ko ta cikin yana haske ya kan ratsa ya kai labari. Wannan albishir ne, yana nuna jijiya na da rai, aiki kuma zai iya komo da gani. Gilakoma kuwa jijiyar gani ta ke ci a hankali, ba zafi ba ja, taga tana nan baƙa kamar ta kowa. In ta fi cin ido ɗaya, dabarar kai da komo ta kan tona ta. In ta ci duka biyu daidai, tocila ba za ta nuna ba, sabo da haka duk wanda ya kai 40, balle mai makaho a danginsu, ya kamata ya je a auna masa ido ko ba ya jin kome. Abin da gilakoma ta ci ba ya dawowa, saura kawai a ke tsarewa.

Akwai wata gilakoma mai zuwa da gaggawa. Ido ya yi ja, ya yi zafi ƙwarai har da amai, mutum yana ganin bakan gizo kewaye da fitila, taga ta buɗe rabi ta tsaya cik. Kwana kaɗan ya isa ta makantar. Jan ido mai ciwo da ƙaramar taga wadda ta karkace kuwa kumburi ne a cikin ido. Duka biyu ba irin jan idon nan ba ne mai yaɗuwa a makaranta da a ke kira afolo, wanda ba ya taɓa taga.

Sai kuma abin da mu ke roƙon kowane uba ya riƙe. In aka ga fari a tagar idon jariri ko ƙaramin yaro, ko wani ƙyalli kamar idon kyanwa da dare, ko a hoto ido ɗaya ya fito fari ɗayan bai yi ba, kada a jira ya girma. Yana iya zama yanar haihuwa, wadda in ba a cire da wuri ba idon ba zai koyi gani ba. Yana kuma iya zama sankarar ratina, wadda ta fi kama 'yan ƙasa da shekara biyar. A ƙasashen da a ke kai yara da wuri, fiye da 9 cikin 10 suna rayuwa. A wajenmu da yawa sai ido ya kumburo waje a ke kai su, bayan an gama zagayen masu magani. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano wanda ke aiki tun 1943, da sassan ido na asibitocin koyarwa. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

GUBA DA ƘWAYA

Abin da mutum ya sha ma ya kan bayyana a taga, a nan kuwa duka biyu su kan sāke tare. Maganin ƙwari irin su fiya-fiya da waɗansu na feshin gona su kan mai da tagogi ƙanana kamar tsinin allura, tare da dalalar miyau da hawaye da gumi da wahalar numfashi. Kodin da danginsa, in an sha da yawa, su ma su kan tsuke taga, su kawo barci mai nauyi da numfashi a hankali. Zaƙami kuwa buɗe tagogi ya ke yi ƙwarai, baki ya bushe, jiki ya yi zafi, mutum ya yi ta sambatu. Wanda ya ga haka ya gaggauta kai shi asibiti tare da kwalbar ko ragowar abin da ya sha. Kada a sa shi amai da ƙarfi, kada a ɗura masa manja ko madara. A tuna kuma akwai maganin ɗigawa da likitan ido ke buɗe taga da shi don ya leƙa ciki, wanda aikinsa ya kan ɗauki sa'o'i, wani ma kwanaki. Sai a tambaya ko an ɗiga wani abu.

IYAKAR MALAMI

Ba mu rubuta wannan don malami ya zama likita ba. Tocila ba ta ba shi ikon ya ce ga sunan ciwo, balle ya ba da magani. Aikinsa shi ne ya gani, ya rubuta, ya aika. Rubutun nan kuwa kada a raina shi. 'Yar takarda mai cewa yaro ya faɗi ƙarfe goma, ya suma kamar minti biyu, ƙarfe goma sha ɗaya tagogi daidai, sha ɗaya da rabi ta dama ta fi girma tana nawa, ta fi wa likita amfani bisa dogon bayanin 'yan rakiya goma, don ta nuna masa inda abin ya nufa da irin saurinsa.

Shawararmu ga kowane shugaban makaranta ita ce ya sa tocila mai aiki cikin akwatin taimakon farko, ya roƙi ma'aikacin lafiya na kusa ya zo ya nuna wa malamai yadda a ke dubawa, ya kuma san tun yau wane asibiti ne mafi kusa da ke iya ɗaukar hoton kai, da wanda zai ba da mota in bukata ta taso. Ran wanka ba a ɓoyon cibi, ranar haɗari kuma ba ranar neman batir ba ce. Allah ya kiyashe mu da yaranmu.